Tarihin Dokta Ladi Kwali, Maginiyar Tukwanen Da Jami'a Ta Girmama

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, daga Agege da Idi-Araba a Ikko, zuwa Sabon Badun da Shagamu, har Anacha da Fatakwal, a wannan mako muna so kowa ya laluba aljihunsa ya ciro takardar naira 20, wadda muka saba kira Murtala. Ko da yake yanzu ba ta sayen abin kirki, akwai tarihi a jikinta. A fuskarta ga hoton marigayi Janar Murtala Muhammed wanda kowa ya sani. To, a juya bayanta. Za a ga wata mata ta duƙufa a kan ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, kuma tun daga 2007 hotonta yake a wurin. A duk takardun kuɗin ƙasar nan ita kaɗai ce macen da aka sa hotonta don sunanta da aikinta.

Mutumin Kontagora, ko na Kasuwan Garba, ko Rijau, ko Mariga, wanda ya baro gida ya zo neman abinci a Kudu, ya kamata ya san cewa wannan mata a jiharsu ta Neja ta yi aikinta, a can kuma ta rasu. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dokta. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da za mu bayyana, domin akwai abin da ya shafi 'ya'yanmu mata a ciki.

Asalinta da tasowarta

An haifi Ladi a wajen 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, watau mutanen da Hausawa ke kira Gwari. Sunan nata irin namu ne, wanda akan raɗa wa yarinyar da aka haifa ran Lahadi, Kwali kuwa sunan garinsu ne ya bi ta. A wancan zamani Kwali tana ƙarƙashin Sarkin Abuja. Sai mai karatu ya lura, ba Abujan da aka sani yanzu ake nufi ba. Tsohuwar Abuja gari ne na sarakunan Zazzau na Haɓe waɗanda suka baro Zariya a zamanin jihadi, kuma Abu Ja ne ya kafa ta a 1828. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba sabon birni, tsohon gari kuwa ya koma Suleja, a cikin Jihar Neja. Kwali ita kuma ta faɗa cikin yankin birnin tarayya.

A ƙasar Gbagyi ginin tukwane sana'ar mata ce. Uwa ta koya wa 'ya, 'ya ta koya wa tata, haka abin yake tafiya tun kaka da kakanni. Ladi tun tana ƙarama aka sa ta koyo a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A nan ta koyi inda ake haƙo yumɓu mai kyau, da yadda ake jiƙa shi a tattake, a tsince tsakuwa, a cuɗa shi har ya yi laushi yadda ake so. Matan Gbagyi ba su da injin juya tukunya. Maginiya takan aje curin yumɓu a gabanta, ta fafe tsakiyarsa da hannu, tana jawo gefensa sama, ita da kanta tana zagaya shi. In tsawo ya fara ƙarewa sai ta murza yumɓu kamar igiya mai kauri, ta ɗora, ta shafe, ta ci gaba da zagayawa har randa ta tashi. Ba ma'auni, ba magwaji, amma in ta gama sai ka ga cikin randar ya daidaita ta kowane gefe kamar an auna.

Bayan gini sai ado. Akan gangara ɗan guntun itace mai zane ko tufkakken zare a jikin tukunya tun tana ɗanya, ya bar sawu a jere. Ladi ta ƙware wajen raba jikin randa gida-gida, ta zana kunama a wannan gida, ƙadangare a wancan, ga kada, ga hawainiya, ga maciji, ga kifi da tsuntsu. Tun kafin wani Bature ya ji sunanta, mutanen yankin sun san tukwanenta, har suka kai fadar Sarkin Abuja.

Ilmin da ke cikin randa

Kafin mu wuce, ya kamata mu tsaya a kan abin da yawancinmu muke rainawa. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san daɗin ruwan randa a watan bazara. Amma mutum nawa ne suka tambayi dalilin sanyinsa? Yumɓun da aka toya da wuta marar tsanani yakan bar ƙananan ƙofofi a jikinsa waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, a wajen bushewar nan kuwa sai ya tafi da zafin ruwan da ke ciki, kamar dai yadda gumi yake sanyaya jikin mutum. In ƙofofin sun yi yawa randa ta yi yoyo, in sun toshe ruwa ya ƙi sanyi. Maginiya ce take daidaita wannan, ta wajen irin yumɓun da ta zaɓa da irin wutar da ta ba shi.

Haka kuma tukunyar girki. Ana garwaya yumɓunta da abu mai tsakitsaki, kamar rairayi ko dakakken tsingaro, don in wuta ta buge ta gefe guda ta iya miƙewa ba tare da ta tsage ba. Gindinta kuma a kewaye yake, don ta zauna daram a kan duwatsun murhu uku, zafi ya bazu ko'ina. Wajen toyi ma da lissafi. Ɗanyar tukunya tana tsukewa in tana bushewa, in aka gaggauta ta sai ta dare. In kuma aka sa ta a wuta da sauran laima a jikinta, tururi ya fasa ta. Saboda haka akan shanya ta a hankali, a ɗumama ta, kana a jera tukwane a fili a lulluɓe su da itace da ciyawa a cinna wuta.

Waɗannan abubuwa duka, sanin kayan aiki, da sanin yadda zafi yake tafiya, da sanin siffar da za ta ɗauki nauyi, su ne ake koya wa injiniyoyi a jami'a da alli da lissafi. Matan Kwali sun san su da hannu da ido. Wannan shi ne jarin da Ladi ta riƙe kafin ta sadu da injin Turawa.

Sarkin Abuja da Baturen tukwane

Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, mutum ne mai ilmin zamani. Ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gadon sarauta. Yana son kayan aikin hannu na ƙasarsa, har ya tara tukwane masu kyau a gidansa, cikinsu da na Ladi.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani Bature mutumin Ingila, Michael Cardew, don ya zagaya ƙasar nan ya duba sana'ar tukwane ya ba da shawara. Shi wannan Bature gwani ne a ƙasarsu. An haife shi a 1901, ya koyi aiki a hannun mashahurin magini Bernard Leach, ya kuma yi shekaru yana wannan aiki a ƙasar da ake kira Gana yanzu, tun daga 1942. Da ya zagaya, sai ya ga cewa tukwanen gargajiya na Nijeriya sun dace da aikin da ake yi da su, ga araha, ga sanyaya ruwa, ga jure wutar murhu, don haka babu dalilin a ce za a kawar da su. Abin da ya ga ana iya ƙarawa shi ne kayan tangaran, watau kwanoni da kofuna da butocin shayi masu ƙyalli irin waɗanda ake sayowa daga ƙasashen waje, a riƙa yin su a gida da yumɓun gida.

A wannan zagaye ne ya ga tukwanen Ladi a gidan Sarkin Abuja, suka kama masa hankali ƙwarai. A 1951 aka naɗa shi jami'in sana'ar tukwane a ma'aikatar ciniki da masana'antu, ya zaɓi Abuja don kafa makarantar koyon aikin, saboda akwai yumɓu, da itacen wuta, da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. Aka gina ɗakunan aiki irin namu na gargajiya masu jinka, aka buɗe a 1952. Waɗanda aka ɗauka da farko duk maza ne. A tunanin hukuma ta wancan lokaci, aikin da ya shafi inji da albashi na maza ne, ko da kuwa sana'ar tun asali a hannun mata take a wannan yanki.

Mace ta farko a makarantar

A 1954 Ladi ta shiga makarantar, tana da shekara kusan 30, ita ce mace ta farko. Mai karatu ya kwatanta abin a ransa: mace 'yar ƙauye wadda ba ta yi boko ba, ta baro garinsu ta zo ta zauna cikin maza, a ƙarƙashin Bature, kuma a ce ta koma ɗaliba a sana'ar da ta riga ta yi suna a cikinta.

Abu na farko da ta koya shi ne gini a kan faifan da ake juyawa da ƙafa. A gida ita ke zagaya tukunya, a nan kuwa tukunya ce ke juyawa a gabanta, hannu yana tsaye. Wannan sabon horo ne ga hannun da ya shekara ashirin yana aiki ta wata hanya, amma ba ta daɗe ba ta iya, ta riƙa fitar da kwanoni da farantai da kofuna da butoci. Ta koyi haɗa ruwan ƙyalli, wanda ake yi da niƙaƙƙen dutse da tokar itace da yumɓu, a tsoma kaya a ciki kafin toyi. Ta koyi gina akwatunan yumɓu da ake jera kaya a cikinsu don kada harshen wuta da toka su ɓata su. Ta kuma koyi aikin tanderun bulo, wanda ake ciyar da shi da itace awoyi masu yawa har zafinsa ya haura digiri 1,200, alhali toyin fili na gargajiya bai cika wuce digiri 800 ba. A irin wannan zafi yumɓu yakan fara narkewa ya haɗe, ƙofofinsa su toshe, ya yi tauri kamar dutse, ruwan ƙyallin kuma ya narke ya zama gilashi a jikinsa.

Ba ta yar da abin da ta zo da shi ba. A kan kwanonin da ta gina da inji takan shafa ruwan yumɓu mai wani launi, ta ɗauki ƙayar beguwa ta zana ƙadangarunta da kifayenta, launin ƙasa ya fito ta cikin zanen. Sa'an nan ta ci gaba da gina manyan tuluna da randuna da hannu kamar yadda aka koya mata a Kwali, sai dai yanzu da yumɓun makaranta mai jure zafi. Akan cike zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli, a toya a tanderu. Abin da ya fito wani sabon abu ne wanda ba a taɓa gani ba, siffa da zane na Gbagyi, toyi da ƙyalli na zamani. A gindin kayanta akan buga haruffan sunanta guda biyu, L da K, tare da hatimin makarantar mai ɗauke da sunan Abuja da rubutun ajami. Daga bisani ita ma ta zama mai koyarwa a wurin.

Riba da hasara

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Randar da aka toya a tanderu aka yi mata ƙyalli ta daina aikin randa. Ƙofofinta sun toshe, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ta yi nauyi ainun, ba mai ɗaukarta zuwa rafi. Kuɗinta kuma ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Masu sayenta su ne Turawa da manyan ma'aikata da gidajen ajiye kayan tarihi, su aje ta don kallo. Burin da gwamnati ta yi na kafa masana'antar tangaran da za ta wadatar da talakawa bai cika yadda aka so ba. Abin da ya ɗaga sunan Abuja a duniya shi ne kyan kayan, musamman na Ladi.

A cikin wannan akwai darasi ga mai koyon aikin injiniya. Sabuwar dabara takan ba da wani abu ta karɓe wani, kuma wanda ya san amfanin tsohon abu shi ne zai iya auna abin da aka samu da abin da aka rasa. Shekaru da dama bayan haka wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, wanda shi ma ya fito daga gidan magina, ya koma ga waccan tsohuwar dabara ta tsattsafowar ruwa. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga tumatir da alayyafo suna kwanaki ba su lalace ba, ba tare da lantarki ba. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ɗakin Gwari

Babban abin da Ladi ta yi wa mata shi ne buɗe ƙofa. Da aka ga ta shiga ta zauna lafiya, tana samun albashinta, ana kuma girmama ta, sai waɗansu suka biyo sawu. Kafin Cardew ya bar aiki a 1965, mata huɗu sun shigo makarantar, su ne Halima Audu, da Lami Toto, da Asibi Iddo, da Kande Ushafa. Suna da ɗakin aikinsu wanda ake kira Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan tuluna da hannu. Wurin da aka buɗe don maza kaɗai, sai ga shi kayan da suka fi jawo masa suna daga hannun mata suke fitowa.

Koyarwarta ba ta tsaya ga 'yan ƙasa ba. A 1974 wata budurwa 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta zauna ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da sauran matan. Wannan budurwa ta zama ɗaya daga cikin mashahuran magina na duniya, ta zama farfesa, har ta kai ga zama shugabar girmamawa ta wata jami'a a Ingila.

Tafiye-tafiyenta

An nuna tukwanen Abuja a wani gidan baje koli na Landan mai suna Berkeley Galleries a 1958 da 1959 da 1962, kuma na Ladi ne suka fi jan hankalin masu kallo. A 1960, shekarar samun mulkin kai, an nuna aikinta cikin abubuwan da sabuwar ƙasa take alfahari da su. A farkon shekarun 1960 ita da kanta ta je Ingila, ta yi gini a gaban ɗalibai da malamai a Landan da Farnham, da kuma Wenford Bridge inda Cardew yake da wurin aikinsa. Ta je Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani magini mutumin Gana, Kofi Athey, suna shiga kwalejoji da jami'o'i. A ko'ina abin da take yi ɗaya ne. A kawo mata yumɓu, ta aje shi, ta shiga zagaya shi, kafin wani lokaci ga tulu ya tashi a gaban mutanen da suka yi shekaru suna karatun wannan fanni. Ba ta bukaci Turanci mai yawa ba, aikin ya isa bayani.

Lambobin girma suka biyo baya. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. A 1980 gwamnatin tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa wadda aka keɓe don masu zurfin ilmi da ƙirƙira, irin wadda galibi manyan farfesoshi ke samu. A 1981 aka ƙara mata da OON. Tukwanenta suna nan a ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a ƙasar Wales.

Ranar da jami'a ta kira ta

A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin dokta na girmamawa. Don a gane nauyin wannan, sai a tuna ko wace jami'a ce. An kafa ta a 1962, ta gaji kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya inda aka soma koyar da aikin injiniya mai zurfi a ƙasar nan tun cikin shekarun 1950. Daga nan ne injiniyoyin farko da yawa na Nijeriya, 'yan Arewa da 'yan Kudu, suka fito. A waɗannan shekaru ajin injiniya kusan na maza ne zalla, kuma 'yan matan Arewa da suke kai wa jami'a ma ba su da yawa. A irin wannan wuri ne aka sa wa maginiyar tukwane daga Kwali rigar dokta da hula, a gaban malamai da sarakuna. Jami'a ta amsa da bakinta cewa abin da ke hannun wannan mata ilmi ne, ya kuma cancanci a jera shi da na littafi.

Ladi ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta 1984, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan rasuwar Cardew. An sa wa makarantar Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a sabuwar Abuja. Sai dai bayan rasuwarta makarantar ta yi shekaru cikin rashin kulawa, robobi da tukwanen dalma kuma suka cinye kasuwar magina a ƙauyuka da yawa, har 'yan mata suka rage sha'awar koyon sana'ar iyayensu.

Abin da ya rage gare mu

Shekara ɗaya kafin rasuwarta, a 1983, aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna, garin da ta cika a cikinsa. A 1982 kuma Injiniya Joanna Maduka da waɗansu 'yan'uwanta mata suka kafa ƙungiyar mata injiniyoyi ta Nijeriya, don jawo 'yan mata zuwa wannan fanni. Duk da haka tafiyar ta yi nawa. Babbar ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1958, ba ta sami shugaba mace ba sai a 2024, lokacin da Injiniya Margaret Oguntala ta hau kujerar. Daga shigar Ladi makarantar Abuja zuwa wannan rana shekara 70 ke nan.

Jihar Neja kuwa tana cikin jihohin da suka fi bukatar injiniyoyi. A cikinta madatsar ruwa ta Kainji take, da ta Shiroro, da ta Zungeru, inda ake samar da wutar lantarkin da mu mazauna Kudu muke sha. Wanda ya ɗaga kai ya dubi turakun da ke ɗauke da manyan wayoyin nan zai ga waɗansu faya-fayai a jere suna riƙe da waya. Da yawansu tangaran ne, watau yumɓun da aka toya da wuta mai tsanani aka yi masa ƙyalli, don ya hana lantarki bin ƙarfe ya sauko ƙasa. Makanike a Agege ya san farin abin da ke jikin fulogin mota, shi ma tangaran ne. Bulon da ake shimfiɗawa a cikin tanderun narka ƙarfe, da tayil na daɓen ɗaki, duk daga wannan ilmi suka fito. A Zariya ana koyar da fasahar tangaran da gilashi har zuwa digiri. Ashe sana'ar da muke gani ta tsofaffin mata ce a bayan gari, jikokinta suna cikin masana'antu.

To, 'yan'uwa, yawancinmu da muke nan Kurmi, mai sayar da shanu, da mai gadi, da mai canji, da mai faskare, da direban babbar mota, kowa yana aika kuɗi gida. Kuma sau da yawa wanda yake aikawa shi ne mai faɗa a ji a kan wanda za a bari ya ci gaba da makaranta da wanda za a cire. In kuɗi ya yi kaɗan, mun san wadda akan fara cirewa. Akwai yarinya a Kasuwan Garba ko Kontagora wadda take cin lissafi a aji, ko wadda in rediyo ya lalace ita ke kwance shi ta ɗaura, amma ana jiran ta gama firamare a ce ya isa. Hanyar Minna da ta Zariya ba su fi ƙarfin mahaifinta ba in ya ƙudura, kuma ilmi bai taɓa hana mace aure ko mutunci ba.

Ladi Kwali ta sami mutum uku a rayuwarta: 'yar'uwar da ta koya mata, da Sarkin da ya ga darajar aikinta ya aje shi inda baƙo zai gani, da malamin da ya yarda ya buɗe mata ƙofar da aka yi don maza. Sauran aikin ita ta yi shi da hannunta, har shekara 30. Yarinyar da ke gidanku ba ta bukatar Sarki ko Bature, makarantun suna nan an riga an gina su. Abin da take jira shi ne uba ko wa ko kawu wanda zai ce a bar ta ta ci gaba, ya kuma aiko da kuɗin rajista a kan lokaci. In an tashi aika saƙon ƙarshen wata, a tuna da ita.

Sai mun sadu a mako mai zuwa da tarihin wani daga cikin mazan jiya da matan jiya.